Baffa da Kwamfutoci Ukun da Muka Kai Kano

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, a gidansa da ke Gaya, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. 'Ya'yansa Baffa suke ce masa, kamar yadda ake yi a gidajen Fulani da yawa, ni ma haka na bi su.

Kwana uku ina zaune a tabarmar karɓar gaisuwa, sai na lura kowa da Baffan da ya sani. Wani dattijo daga Gafasa ya zo a bayan babur duk da ciwon gwiwa. Da ya shafa addu'a sai ya ce shi dai bai taɓa ganin malamin gonan da zai tuɓe takalmi ya karɓi fartanya a hannun mai gona ba sai shi. Mutanen Toranke, garin haihuwarsa, mota guda suka cika, kuma hirarsu duk ta irin gyaɗar da ya kawo musu ce, wadda har yau wasu ke kira da sunansa. Liman ya ce sahun farko ya yi giɓi.

A rana ta biyu aka ce wata tsohuwa daga Ajingi tana son ganina. Na same ta a soro tana riƙe da sanda. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai ne mai akwatin nan da yake kuka?"

Na fi shekara ashirin ban ji an ambaci akwatin nan ba. Na ce ni ne, amma ba nawa ba ne, na Baffa ne. Ta ce ta sani, ta zo ne kawai ta gaya wa wanda zai gane abin da take nufi. Da ta tafi, jikokin Baffa suka ɗago daga wayoyinsu suna tambayata wane akwati ne ke kuka. A nan na ga idan ban rubuta ba, wannan ɓangare na rayuwarsa zai bi shi.

Baffa malamin gona ne har ya yi ritaya. Siriri ne, mai tafiya a hankali, ba ya ɗaga murya ko da awaki sun shiga masa shuka. A tsakar gidansa akwai wani gwangwani da ya kafa a kan turke, duk ruwan da aka yi sai ya auna shi da rula ya rubuta a littafi. Ba ya musu da mutum. Idan ka zo masa da sabon taki ko sabon iri kana yabo, zai saurare ka har ka gama, sannan ya ce, "To, a gwada tukuna." Matata ta ce ko sabuwar fitila aka sayo a gidan sai ta ji wannan maganar.

Tsakanina da shi kuwa sai gaisuwa. Ina durƙusawa daga nesa, ya ce, "Malam, ya makaranta?" in ce lafiya lau, shi ke nan. Ina koyar da lissafi a sakandare a lokacin. Shekara shida da aurena ban taɓa zama da shi na minti goma ba.

Akwai kuma maganar da ba a yi a gidan. Ɗansa na fari, yayan matata, ya samu gurbin karatu a Malesiya. Baffa ya so ya tsaya ya karanci noma a nan gida, shi kuma ya kafe. Ranar tafiya ya durƙusa yana jiran albarka, abin da Baffa ya ce kawai shi ne, "Ka je." Da ma ba ya kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "wancan". Bayan tafiyar ko "wancan" ɗin ma ya daina. Wasiƙu kan zo wa Inna, surukata, jefi-jefi, daga baya suka ɗauke. Da aka shekara biyu sai ga wata gajeriya: ya canza gari, wasiƙun gidan waya suna ɓata, ga wani adireshi na imel, idan akwai mai iya aikawa.

Bayan ritaya Baffa ne sakataren wata ƙungiyar manoman gyaɗa. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne, amma sun gaji layin tarho daga tsohon ofishin gona, abin da a lokacin ba kowa ke da shi a Gaya ba. Akwai kwamfuta biyu a ɗakin. Ɗaya mai Windows ce da aka samo a gwanjon wata ma'aikata. Ɗayar tsohuwar Makintosh ce da wata Baturiya mai binciken irin gyaɗa ta bar musu. Ni kuma ina da tawa a gida, wadda na harhaɗa da hannuna na sa mata Linux, saboda a lokacin ina ji da kaina a harkar. Kowace da tsarin da ke tafiyar da ita, kuma abin da ɗaya ta gane ba lallai ɗayar ta gane ba.

Wata Asabar Baffa ya aiko in same shi a ofis. Ya ce ya ji ana iya samun hasashen ruwan sama da labarin cututtukan gyaɗa ta kwamfuta, me ake bukata? Na ce modem. Na yi masa bayani cewa wata na'ura ce da ke mayar da rubutun kwamfuta sauti, ta bi da shi ta layin tarho, ta kira lambar kamfanin intanet a Kano. Ya ce in bincika masa iri-irinsu in dawo mu yi shawara.

Ban dawo mun yi shawara ba. Na shiga Kano, na ga wani ɗan kati da ake sokawa a cikin kwamfuta, sabo fil a kwalinsa, ga arha, ga faifansa, an rubuta shi ne mafi gudu. Na sayo na saka a mai Windows. Ranar da ya fara kira, ƙarar da ya yi sai da masinjan ofis ya leƙo ta taga: ƙiii, sai shuuu, kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin rediyo. Baffa ya tsaya da hannuwa a baya yana kallo har shafin hasashen ruwa ya gama buɗewa layi-layi. Bai yaba ba, bai kushe ba. Da zan kashe sai ya zaro wata takarda daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce uwar yara ce ta ce a aika wa wannan adireshin gaisuwa. Ya juya ya fita duba janareta, wanda lafiyarsa ƙalau.

Na rubuta gaisuwar da sunan surukata, na aika.

Washegari aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi wari ta mutu. Ban damu sosai ba. Na cire katin, na ɗauko tawa daga gida na soka shi. Ko alamar ta san an sa mata wani abu ba ta yi ba. Na juya ga Makintosh, ita ko ramin da za a soka shi babu. Sai da na karanta takardar cikin kwalin, wadda da farko ban ko buɗe ba, na gane abin da na sayo. Katin ba shi da ƙwaƙwalwar kansa. Wata 'yar manhaja ce a faifan take yi masa aikin, ita kuma Windows kaɗai ta sani.

Mako uku ina ɓoye wannan. Kullum bayan la'asar Baffa zai jingine kekensa a gindin darbejiyar ƙofar ofis, ya tambaya ko akwai labarin ruwa. In ce ana kan gyara. Ya ce Allah ya taimaka. Damina ta riga ta zauna, shi da yake da gwangwaninsa ba ya bukatar wani ya gaya masa labarin ruwa, na kuma san haka. A gida matata ta ce mahaifiyarta ta daina cin abinci sosai.

Ranar da na faɗa masa gaskiya, ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Malam, ai cewa na yi ka bincika mu yi shawara."

Kunya da haushin kaina suka taru suka fito ta bakina a karkace. Na ce, "Baffa, wannan fa ba harkar gona ba ce."

Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni. Ya gyara hularsa, ya ja kekensa, bai ma hau ba, turawa ya yi har ya sha kwana. Matata kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Na je gaisuwa ranar Juma'a, aka ce yana hutawa, alhali ga takalmansa da buta a ƙofar zaure.

A rana ta biyar ya aiko. Na same shi ya riga ya yi magana da wani mai a-kori-kura da ke kai buhuna Kano. Ya ce an gyara masa mai Windows a wurin wani mai gyaran rediyo da ya canza mata gidan wuta, in ɗauko tawa, a haɗa da ta Baturiya, duka ukun za mu tafi da su. Na ce ai ba sai an kai su ba, zan iya karanta kwali. Ya dube ni kawai. Na je na ɗauko.

Haka muka shiga Kano da kwamfuta uku a naɗe da barguna a tsakanin buhunan gyaɗa, ni a baya ina riƙe da su a kowace gargada, shi a gaba. A shagon, mai kayan ya yi dariya da ya ga ana sauke su. Ya ce duk duniya Windows ake yi, Baba ya sayi na ciki ya huta. Baffa ya nemi kujera ya zauna, ya ɗauki katin yana juyawa.

"Wannan, in aka raba shi da faifansa, me ya sani?"

Mai shago ya ce gaskiya katin bai san komai ba, kwamfutar ce ke yi masa tunani.

"Akwai wanda ya san aikinsa da kansa?"

Ya ce akwai na waje, masu zama a kan tebur. Ya kawo wani ɗan ƙarami mai kyau, mai igiya siririya. Na ji daɗi na ce wannan ya yi. Baffa ya tambaye ni ta yaya ake sanin modem ya ji maganar kwamfuta. Na ce akan rubuta masa harafi biyu, A da T, idan ya gane sai ya amsa da O da K. Ya ce to a yi masa sallamar a ji. A mai Windows ya amsa, bayan an sa faifai. A tawa shiru. Ita kuwa Makintosh ba ta da bakin da igiyar za ta shiga. Ashe shi ma ɗan'uwan na cikin ne, riga kawai aka sa masa. Da ni kaɗai ne da na sake sayo irin abin da na sayo.

Mai shago ya daina dariya. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wani akwati ruwan toka, na hannu, mai faɗin littafi, da jerin 'yan fitilu a gaba da adaftarsa daban. Igiyarsa mai kauri ce, irin mai fil tara da ake ɗaurewa da noti biyu. Ya ce tsohon yayi ne, gudunsa bai kai na sabon ba. Na ce wa Baffa a hankali wannan ba zai yi mana sauri ba. Ya tambaye ni layinmu na Gaya, mai ƙara idan an yi ruwa, yana iya ɗaukar gudun sabon? Na ce ko rabi ba ya ɗauka. Ya ce to a hanyar Toranke da damina bai ga amfanin mota mai gudu ba.

Aka jona shi a mai Windows ba tare da faifai ba. Na rubuta harafin biyu, ya amsa. Aka jona a tawa, ya amsa. Makintosh bakinta zagayayye ne, sai da aka kira wani mai gyara a layin ya haɗa mana igiya da dalma. Muka jira har bayan la'asar. Baffa ya sayi dafaffiyar gyaɗa a wurin wata mai talla, ya ɓare ƙwaya ɗaya ya duba, ya gaya mata daga yankin da aka nomo ta, ta ce haka ne. Ya miƙo mini rabi. Wannan ne sulhunmu, ba a ƙara tayar da maganar ba.

Da igiyar ta zo, Makintosh ma ta samu amsa. Baffa ya sa aka sake yi a kowace sau biyu. Sannan ya tambayi mai shago ko idan hadari ya taso ana iya zare shi daga layi ba tare da an kwance kwamfuta ba. Aka ce e, ai cirewa kawai ake yi. Ya ce a naɗe.

Washegari da safe muka jona a ofis. Fitilun suka kama ɗaya bayan ɗaya, ya yi kukansa, ya shiga. Saƙo huɗu ne ke jira, duka daga yayan matata.

Na farko dogo ne. Murna, tambayar kowa da kowa, sannan a ƙasa ya ce a gaya wa Baffa yana neman gafara, bai taɓa kwana bai tuna yadda suka rabu ba. Na biyu ya ce ko saƙonsa ya iso. Na uku layi biyu ne. Na huɗu, wanda aka aiko kwana shida kafin ranar, cewa ya yi idan Baffa ne ya hana a amsa masa ya fahimta, ba zai ƙara damun kowa ba, a dai ce wa Inna yana lafiya.

Ina karantawa na san ni ne na jawo wannan shirun. Baffa yana tsaye a bakin taga ya ba ni baya. Sannan ya ce in rubuta.

"Ba a hana ba. Inji ne ya lalace."

Na ce bari in ƙara cewa ni na sayo abin da bai dace ba. Ya ce kada in sa laifin kowa, in rubuta abin da ya faɗa kawai. Sai ya shiga ba shi labarin damina: ranar da aka yi shuka a Toranke, yadda gero ya yi, wace saniya ce ta haihu, katangar bayan gida da ta faɗi aka tayar. Na cika shafi guda da wannan. Da ya tsaya na ɗauka shi ke nan, har na kai hannu zan aika.

"Ka sa masa, Allah ya yi albarka."

Na rubuta. Na ce, "Wa zan ce ya faɗa?"

"Ya sani."

Ya fita, na ji yana ta fama da murfin janareta.

Daga nan akwatin ya zama na jama'a. Kwamfutocin nan ba a taɓa samun ukun suna da lafiya a lokaci ɗaya ba. Yau wannan ta ƙi tashi, gobe waccan ta kamu da cuta. Duk wadda ta wayi gari da rai ita ake jona wa, saƙo kuma ya tafi. Ranar kasuwar Ajingi Baffa kan zauna a rumfar wani mai sayar da iri da littafinsa, masu 'ya'ya a nesa su zo su faɗa ya rubuta, wani da boko wani da ajami. Ya kawo mini in buga. Mako na zagayowa ya koma musu da amsa a takarda, ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma ba a taɓa jin sirrin wani a bakinsa ba. Tsohuwar nan ta soro ɗanta ya tafi neman aiki Libiya, shekara huɗu babu labari, har wasu sun fara ce mata ta haƙura. Baffa ya bi adireshin wani abokin tafiyarsa, daga shi zuwa wani, wata biyar ana yi. Ranar da amsa ta zo bai jira ranar kasuwa ba, ya hau mota ya kai mata har gida. Daga baya ta matsa sai an nuna mata abin da ya nemo mata ɗa, aka kawo ta ofis ta ji kukansa, ta yi ta sa masa albarka.

A waɗannan shekarun ne na san surukina. Muna jiran layi ya shiga sai hira ta ɓarke. A nan na ji yadda mahaifinsa ya sayar da shanu ya zauna noma, da yadda ya yi tafiyar ƙasa daga Toranke zuwa Gaya ranar da zai fara makaranta. Yana da ban dariya, ashe, sai dai ba ya dariyar tare da kai.

Da wayar hannu ta zo, layin tarhon ya yi ta ciwo har ya mutu, ba wanda ya zo gyara. Yayan matata ya dawo ya yi aure, suka zauna da mahaifinsa a tabarma ɗaya, daga baya aiki ya sake mayar da shi waje.

Mako guda kafin rasuwar, bayan azahar, Baffa ya sa kowa ya fita daga ɗakin sai ni. Ya rame ƙwarai amma hankalinsa garau. Ya ce ya san wancan ba zai iso ba kafin a rufe shi, kuma kada a jinkirta saboda kowa.

"Kai za ka shiga ka karɓe ni."

Na ce akwai ƙannensa, su suka fi ni cancanta. Ya ce ya riga ya gaya musu. Ya rufe ido, na zauna har barci ya ɗauke shi.

Ranar Talata na tuɓe takalmi na shiga kabarin. Aka miƙo mini shi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da shi a gefensa na dama, na fuskantar da shi alƙibla, na sassauta ɗaurin likkafanin.

Yayan matata ya iso ranar Alhamis da yamma. Ni na raka shi maƙabarta. Ya yi addu'a ya daɗe a tsugune. A hanyar dawowa ya tsaya ya tambaye ni da wane hannu na tallafi kan Baffa. Na ɗaga na dama. Ya kama shi da hannuwansa biyu, ya riƙe, muka tsaya a bakin hanya babura suna wuce mu.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya shi kamar yadda ya sanyaya zukatan iyaye da yawa. Ka ba Inna haƙuri. Mu kuma da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.